Lissafin da Ba Ya Barin Sawu

Ni haifaffen Talata Mafara ne. Ba zan faɗi sunana ba, don ƙannena suna nan suna zaman lafiya da jama'a, bai kamata in sake jawo musu nuni da baki ba. Kafin abin da zan ba ku labari ya faru, ba a taɓa kama ni da ko allurar wani ba. Mahaifinmu ya rasu ina sakandare, mahaifiyarmu ta riƙe mu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa har na yi difloma a fannin kwamfuta. Da na gama sai na zauna a wani shagon buga takardu kusa da tasha, ina buga wa mutane katin biki da takardar neman aiki. Babban aibina a lokacin shi ne ina son a ce na iya. In aka yabe ni sai in ji kaina ya kumbura har hula ta matse ni, kuma ban iya cewa na yi kuskure ba ko da a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu, manoma suka daina yarda da rumbu. Mutum zai sha wahalar damina ya tara, a zo rana ɗaya a kwashe, abin da ba a iya ɗauka ba a cinna masa wuta. Sai wasu dattawa suka kafa ƙungiya, suka kama hayar wani babban sito a cikin Mafara. Mutanen Dakko da Tsibiri da Ruwan Gizo da sauran ƙauyuka suka riƙa kawo hatsinsu ajiya. Ba a kawo shi gaba ɗaya. Yau buhu biyu a bayan babur, jibi rabin buhu a hannun wani ɗan'uwa, duk ranar da hanya ta yi sauƙi. Haka ma wajen ɗauka, kowa yakan zo ya ɗebi na cin mako ɗaya ko biyu ya koma.

Akwai wata ƙa'ida da manoman suka kafa da kansu: ba a ba kowa takardar shaida. Ba wanda yake son a tare shi a hanya, a laluba aljihunsa, a ga takarda mai nuna yana da hatsi jibge a birni. Wannan takarda kaɗai ta isa ta sa a wuce da mutum daji. Saboda haka shaidar kowa ita ce Baba Sahabi, wani dattijo mutumin Ruwan Gizo da aka ɗora a bakin ƙofar siton. Shi ke karɓa, shi ke fitarwa, kuma in gardama ta tashi, abin da ya ce shi ne magana. Allah ya ba shi kai. Zai gaya maka ranar da ka kawo, da wanda ya goyo ka, har da abin da kuka yi hira a kai.

Da jama'a suka yi yawa, shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai son abin zamani, ya sayo ƙaramar kwamfuta ya ce a nemo yaro wanda ya iya. Baba Sahabi ne ya kawo sunana, don ya san mahaifina. Ya zo har gida ya ce wa mahaifiyata, “Ki ba ni yaron ga, ni zan riƙe shi awa ɗan cikina.”

Da farko aikin gaskiya na yi. Na buɗe shafin lissafi, irin mai gidaje-gidaje kamar gurbin dara, duk abin da ya shigo ko ya fita in ba shi layinsa, da rana da suna da adadi. Kafin kaka ta ƙare layukan sun yi tsawo, in manomi ya tambayi abin da ya rage masa sai na ɗan ɓata lokaci ina nema. Alhaji ya fara tsaki, yana cewa ai gara Baba, shi ba ya jiran caji. Maganar ta ƙona mini rai. Na shiga intanet a wayata na tsinto wata dabara. Na ba kowane manomi layi ɗaya tak. A layin akwai gidan shigarwa, kusa da shi gidan jimla. Da ka rubuta adadi ka danna, sai ya tafi ya haɗu da jimlar da ke nan, gidan shigarwa ya koma fayau yana jiran na gaba. In fitarwa ce sai ka sa alamar ɗebewa. Ko yaushe ka duba, abin da mutum yake da shi yana nan a gabanka.

Alhaji ya yi ta tafa hannu, ya kira mutane su zo su ga abin mamaki. Na goge tsohon shafin mai dogayen layuka don kada ya rikita mu. Tun ranar na san aibin abin da na gina: jimla kawai yake riƙewa, ba ya tuna abin da aka zuba masa. In hannu ya kuskure, babu inda za a koma a duba. Na sani, amma ana cikin yabona, sai na yi shiru.

Kuskuren kuwa bai daɗe ba ya zo. Wani manomi mai suna Mamman, mutumin Dakko, ya kawo gero buhu shida ranar kasuwa, ana ta turereniya. Ni kuma hannuna ya danna huɗu. Bayan 'yan makonni ya zo ɗauka, na karanta masa abin da ya rage, ya ce sam bai yarda ba. Aka kira Baba.

Baba ya ce, “Shida na. Ni na amshe su da hannuna, guda ma bakinshi ya kwance munka ɗaure.”

Yana faɗar haka na tuna. Wallahi na tuna buhun da ya kwance, na tuna har geron da ya zube kaji suka taru. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma uku ba: ni na kuskure. Amma Alhaji yana tsaye, mutane sun kewaye mu, ni ne kuma gwanin da aka gama yabo. Sai na juya fuskar kwamfutar wajensu na nuna da yatsa.

Alhaji ya ce, “Baba, na'ura ba ta mantuwa. Mu da kai muna mantuwa, ita ba ta yi.”

Baba ya daɗe yana kallon gilashin, alhali ba ya karanta boko. Can ya shafa gemunsa ya ce, “To, ƙila ni nir ruɗe. Mamman, ka yi haƙuri.” Mamman ya tafi yana girgiza kai. Wannan ne karo na farko da na ji Baba Sahabi ya ce ƙila.

Yanzu ga buhu biyu a sito waɗanda lissafi bai san da su ba. Na yi kwanaki ina cewa gobe zan mayar wa Mamman a jimlarsa a ɓoye, ba wanda zai sani. Da na yi hakan da yau ba na rubuta wannan. Amma sai zuciya ta ce mini, in ka mayar, ai za a gane na'urar ta yi ƙarya. Ranar Juma'a Baba yakan tafi Ruwan Gizo wajen iyalinsa, makulli ya kwana a hannuna. Wata Juma'a da hantsi na kira mai baro ya kai buhunan nan wajen wani ɗan kasuwar hatsi, wanda bai tambaye ni komai ba, ni ma ban gaya masa komai ba.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa wata lalura ce ta tura ni ba. Ba wanda ke kwance asibiti a gidanmu, ba a kore mu daga haya ba. Waya na canza, na ɗinka shadda, na riƙa sayen tsire ina raba wa abokai ana ce mini ranka ya daɗe. Abin da na sayar da lahirata a kansa ke nan.

Daga nan ban ƙara jiran kuskure ba, na koma yin sa da gangan. Nakan zaɓi mutanen da ke kawowa a gutsure ta hannun 'yan aike, waɗanda su kansu ba su da tabbas. In shiga layin mutum in sa alamar ɗebewa, rabin buhu nan, buhu ɗaya can, in danna. Jimla ta ragu, gida ya koma fayau kamar ba a taɓa shi ba. Ranar Juma'a in fitar da daidai abin da na rage. Shi ya sa duk lokacin da 'yan kwamiti suka zo suka ƙirga buhunan da ke sito, sai su tarar sun yi daidai da abin da kwamfuta ta ce, ba ƙari ba ragi. Wannan ya ƙara musu imani da ni. Wanda kullum lissafinsa ke saɓawa shi ne Baba.

A nan ne laifina na gaskiya yake, wanda alƙali bai tuhume ni da shi ba. Duk gardamar da ta tashi, manomi ya ce kaza, Baba ya goyi bayansa, ni in juya kwamfuta, a ƙirga sito a ga ni ke da gaskiya. Tun Baba yana tsayawa a kan maganarsa har ya fara sassautowa. Ya koma in an tambaye shi sai ya waiwayo ni tukuna. Na sha ganinsa zaune a kan buhu shi kaɗai, yana lanƙwasa yatsu yana motsa baki, ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Mutumin da a da muryarsa ke cika siton ya zama mai magana ƙasa-ƙasa.

Wata rana da rana tsaka ya matso kusa da teburina ya ce, “Ɗana, in tambaye ka, tsakaninka da Allah. Ka ga alamar kaina ya taɓu?”

Na ce, “Haba Baba, gajiya ce kawai. Shekaru ne.”

Ya ce, “Hakanan na. Uwata ma da tat tsuhwa har sunayenmu ta riƙa musanyawa.”

Ya fara shan rubutu don mantuwa. Ni da kaina na shiga kemis na sayo masa maganin ƙarin jini da kuɗin geron da na sata, ya karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka. Na ci amanar mutane da yawa, amma babu abin da ke hana ni barci kamar albarkar nan da ya sa mini.

Magana ta fara yawo a ƙauyuka. Masu kunya suka ce tsufa ya kama Baba Sahabi. Marasa kunya suka ce ai wanda ke bakin ƙofa shi ya san abin da ke fita, ƙila yana ɗora wa mutane lissafin ƙarya ne don ya rufe sawunsa. Da surutu ya yi yawa, kwamiti suka zauna suka ce ya je ya huta. Aka ba shi riga da hula, aka yi addu'a. Da zai tafi ya kama hannuna a gaban kowa ya ce, “Da ba don na'urar yaron ga ba, da na ci haƙƙin bayin Allah ban sani ba. Ku riƙe shi da kyau.” Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka ladabi ne.

Bayan tafiyarsa sito ya zama nawa. Wanda aka kawo a madadinsa bai san kowa ba, abin da na ce shi yake maimaitawa. Sai na saki jiki, na daina ma juye hatsin a sabon buhu kafin in fitar, abin da a da ba na wasa da shi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata Talata Mamman na Dakko yana ratsa layin 'yan hatsi sai ya ga buhunsa a gaban ɗan kasuwar nan. Buhun ya taɓa yagewa, matarsa ta yi masa faci da ƙyallen tsohon zanenta, kuma bai fi kwana kaɗan da kai shi ajiya ba. Ya riƙe buhun ya yi ta kururuwa har mutane suka taru. Ɗan kasuwa da ya ga abin zai faɗa kansa, nan take ya ambaci sunana. Ina zaune a sito ina cin rake 'yan sanda suka shigo.

Ban wahalar da kowa ba, na amsa laifina tun a ofishinsu. A kotu na ba da labarin buhu shida na Mamman, na ce Baba Sahabi bai taɓa ɗaukar ƙwaya ɗaya ba. Sai alƙali ya ce in faɗi abin da na ɗauka a wajen kowane mutum, don a san yadda za a biya. Aka kawo kwamfutar, aka kira wani masani ya duba, ya ce babu komai a ciki sai jimlar ƙarshe. Manoma suna zaune a bayana, kowa yana jiran ya ji nasa, ni kuwa ban san na wa na ci ba, ban san nawa ba. Mahaifiyata ta sayar da gonar da mahaifinmu ya bari, aka raba wa mutane bisa kintace. Na tabbata wasu an ba su abin da bai kai nasu ba, wasu kuma ko sunansu bai fito ba. Ni aka wuce da ni gidan yari.

Ba zan tsaya ba ku labarin gidan yari ba, abin ya fi duk yadda kuka ji ana faɗa. Abin da ya fi cina a can wata magana ce ta wani malami da ke zuwa yi mana wa'azi. Ya ce tsakaninka da Allah tuba ta wadatar, amma haƙƙin mutum sai ka mayar masa ko ya yafe da bakinsa. Na same shi bayan karatu na ce, “Malam, wanda bai san masu haƙƙin ba fa?” Ya ce in fara da wanda na sani. Na kwanta ina lissafi, fuska ɗaya ce kawai take zuwa mini, ta mutumin da ban ɗauki ko tsabar geronsa ba.

Da wa'adina ya cika aka sake ni, na kwana biyu a gida na ga mahaifiyata, wadda ta tsufa fiye da shekarunta. Sannan na hau babur zuwa Ruwan Gizo. Na tarar da Baba Sahabi a zaure a kan buzu, ya rame, amma ya gane ni tun kafin in yi sallama ta biyu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mahaifiyata da ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, bai kuskure ko ɗaya ba. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Ya ce, “Tashi. Na yahe maka tun kana ciki. Amma akwai abin da nika son ka yi min, shi nika jira tun da anka ce za a sako ka.”

Na ce ko mene ne zan yi.

Ya ce, “Na Mamman na ji, ka hwaɗi gaban alƙali. Sauran hwa? Gardamar ga da munka yi ta yi, waɗanne na naka, waɗanne na nawa? Don tsuhwa gaskiya ta, ba mamaki wasu ni nir ruɗe da gaske. Ka zauna ka rarrabe min su, in san inda kaina yat tsaya.”

Na ce, “Baba, duka kai ke da gaskiya.”

Ya ɗaga mini hannu. “A'a. Kada ka yi min ƙarya ta biyu don ka hwaranta min rai. Ka tai ka duba na'urar taka.”

Na ce masa na'urar ba ta ajiye komai ba sai jimla, ni ma kuma ba zan iya tunawa ba, don sun yi yawa. Can ya ce, “Ashe kai ma ba ka sani ba.”

Aka kira la'asar muka fita masallacin ƙofar gida. A wajen alwala babban ɗansa ya gaya mini, ba tare da ya dube ni ba, cewa tun shi ɗan yana yaro Baba ke jan salla a masallacin nan. Tun da ya dawo daga Mafara ya ƙi shiga gaba. An roƙe shi, an gaya masa kotu ta wanke shi, ya ce shi ba zai ɗauki sallar mutane a kansa ba alhali bai amince da ƙirgensa ba. Wani matashi ya ja mu, Baba ya tsaya a sahu kafaɗarsa tana gogar tawa. Da aka sallame, kafin ya ɗauki carbi, sai ya karkato wajena ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ɗana, huɗu munka yi ko?”

Na ce huɗu ne, kuma huɗun ne. Ya gyaɗa kai ya karɓa don ni na faɗa, kamar yadda ya saba karɓa a sito.

Yanzu ina gyaran waya a wata rumfa, ina cin halalina, kuma na tuba ga Allah tuban da nake fatan ya karɓa. Ku matasa da kuka yi karatu, za a zaunar da ku gaban kwamfuta a ce ku riƙe wa iyayenku lissafi, don sun ɗauka abin da ke cikin gilashi ba ya ƙarya. Ku rubuta kowane abu a layinsa, da ranarsa da sunan mai shi, ku bar sawu yadda ko ku kanku za a iya kama ku. Kada ku gina abin da ku kaɗai kuka san cikinsa, don Shaiɗan ma ya san wurin. In kuma hannunku ya kuskure, ku faɗa nan take a gaban kowa, kunyar ba ta wuce ta yini ɗaya. Ni na guje wa ta yini ɗaya, na sa dattijo mai cikakken hankali yana tambayar ɓarawo raka'a nawa ya yi. Hatsi an biya wasu, wasu sun yafe. Wannan kuwa har yau ban san ta inda zan mayar masa ba.